Rantsuwar Spase da Fasfon Arewa

Ranar Talatar da ta wuce, ko gahawa ban ɗora a wuta ba na ji ana ƙwanƙwasa mini taga a hankali, irin ƙwanƙwasar wanda ba ya so unguwa ta ji. Na ɗaga labule, sai ga Spase maƙwabcina. Ya janyo hula har kan gira, ya ɗaga wuyan kwat ya rufe kunnuwa, yana waige-waige kamar wanda ya fito daga akurkin kajin wani.

"Tode, tada motarka."

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Tada motar, kuma kada ka tambaye ni komai sai mun bar gari."

Motata dai kun san ta. An saye ta ƙasar nan na da wani suna, ta tsufa ƙasar na da wani, ga ta yanzu tana tari a ƙarƙashin na uku. Abu ɗaya ne sabo a jikinta, ɗan mannen nan da aka sa muka liƙa a kan lamba don a ƙara mana harafi guda. Sai da Spase ya tura ta har bakin titi kafin ta yarda ta tashi. Muka wuce gonakin taba na ƙarshe, garinmu Prilep ya ɓace a madubi. Sannan ya sauke numfashi ya ce, "Fasfo za ni yi."

Saura kaɗan in zuba mu a kwalbati.

Wanda bai san Spase ba ba zai gane abin da ya firgita ni ba. Mutumin nan farin dutse ya yi rayuwarsa yana fasawa a bayan gari, har kunnensa ɗaya ya tafi, shi ya sa ko gaisuwa zai yi sai tagogi sun girgiza. Ranar da aka sanar cewa mun zama Makedoniya ta Arewa, muna zaune a gidan gahawar Risto, a teburinmu na kusa da murhu. Spase ya haye kujera, ya ɗaga hannun nan nasa mai kama da shebur, ya ce hannun ya shanye in ya taɓa riƙe takarda mai ɗauke da kalmar Arewa. Metodiya mahauci ya miƙe ya rantse da wuƙarsa. Malam Blagoya, tsohon malamin tarihi, ya yi jawabin da ya faro daga zamanin da ko gahawa ba a ƙirƙira ba, ya ƙare da cewa shi ko gawarsa ba za ta ƙetare iyaka da wannan suna ba. Ni ban rantse ba, domin bakina cike yake da burek, gurasarmu mai nama a ciki. Tun daga ranar suke mini kallon ɗan leƙen asiri.

Ku yi mini afuwa, amma ban da burek akwai gajiya. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, an haife ta a zamanin sarki, lokacin da ake kiran yankinmu da sunan kogi. Ta haife ni a Jamhuriyar Jama'a, ta yi mini aure a Jamhuriyar Gurguzu, ta rasu a jamhuriya zalla wadda ba a yi mata ado ba. Duk a gida ɗaya, tana shanya ganyen taba a igiya ɗaya. Bayan Yugoslabiya ta watse kuma muka yi shekara da shekaru da suna biyu, na zaman gida da na fita unguwa. A gida mu Makedoniya ne. A waje kuwa, tunda maƙwabtanmu na kudu, mutanen Girka, sun ce sunan gadonsu ne, sai aka riƙa kiranmu Tsohuwar Jamhuriyar Yugoslabiya ta Makedoniya, kamar bazawarar da aka ƙi daina kira da sunan mijin da ya sake ta. 'Yan wasanmu sun sha wahala. Kafin mai sanarwa ya gama faɗin sunan ƙasarsu, an zura musu ƙwallo.

Manyanmu, Allah ya ƙara musu laushin kujera, ba su zauna haka nan ba. Akwai zamanin da suka gano cewa maganin abin shi ne tagulla, suka cika babban birni da gumakan dawakai da zakuna da jarumai masu takubba, har mutum ba ya iya tsallaka gada bai ce gafara ga wani gwarzo ba. Sai kuma zamanin da suka gano cewa a'a, maganin kalma ɗaya ce tak. A ƙara Arewa da safe, da yamma ƙofar Tarayyar Turai ta buɗe, kowa ya shiga ya zaɓi kujera. Muka ƙara. Har yau muna bakin ƙofa da hula a hannu, in mun ƙwanƙwasa a leƙo ta taga a ce mana ana shara. A tsakanin nan an sauke alluna an ɗora alluna, an fasa hatimai an sassaƙa hatimai, kuma na tabbata duk surukin da ke da shagon fenti ya yi wa ƙasa addu'a. Ramin da ke bakin layinmu ne kaɗai ya tsaya kan aƙidarsa. Ya ga sunaye uku, bai matsa ko taku ɗaya ba, sai ma faɗi da ya ƙara.

To, bana aka ce tsohon fasfo ya gama aiki, ko da kwanan da aka rubuta a ciki bai cika ba. Duk mai son ƙetare iyaka sai da sabo. Abin da ya kawo Spase tagata ke nan.

"Bilyana ta haihu," ya ce, yana kallon titi. Bilyana 'yarsa ce tilo, tana aikin jinya a Jamus. "Namiji. Ranar Lahadi za a yi masa baftisma."

"Barka! Shi ne ka rufe fuska kamar an yi maka rasuwa? Matarka Velika fa, ita ma tana buƙatar fasfon ai."

Ya juyo ya dube ni da idon da ya sha wuya. "Velika ta yi nata tun bara."

"Kai!"

"A ɓoye. Ta ce mini za ta asibitin ido. Shekara guda, Tode, ina kwana da Arewa a ƙarƙashin katifata ban sani ba. Da na yi magana sai ta ce ita ba ta hau kujerar kowa ta yi rantsuwa ba, ita jika take jira."

"To me ya hana ka zuwa ofishin garinmu? Ga shi nan bayan kasuwa."

"Bayan kasuwa! Gaban shagon Metodiya! So kake ya gan ni a layi in rasa inda zan sa fuskata? Akwai wani ƙaramin gari a kan dutse, an ce layinsu gajere ne, kuma ba wanda ya san ni."

Wanda ya ce masa layin gajere ne, Allah ya saka masa. Mun tarar da shi ya fito daga ƙofar ofishin, ya sauko matakala, ya zagaya kantin magani, ya miƙe har gindin wata bishiya da ƙanƙara ta lulluɓe. Ga tsofaffi da kujerun da suka taho da su daga gida, ga ɗalibai suna tsalle don ɗumi, ga wani direban babbar mota yana zage-zage a waya saboda kayansa na jiransa a iyaka. Wata tsohuwa ta fara saƙa safa da muka iso, kuma na rantse muku kafin mu kai matakala ta shiga ƙafa ta biyu.

Muka tsaya bayan wani ƙaton mutum da ya naɗe fuskarsa da mayafin ulu, idanu kawai a waje. Can sai na ga hancin Spase yana motsi. Mutumin yana ƙamshin tafarnuwa da kyafaffen nama. Spase ya sunkuya ya leƙa hannunsa na hagu, ya ga ɗan yatsan da ya rasa kai.

"Metodiya?"

"Ba ni ba ne," in ji mayafin.

"Metodiya, ɗan banza, ko a kabari na san warin tsirenka!"

Mahaucin ya janye mayafin a hankali. "Maraƙi na zo saya. An ce na nan gari suna da ƙiba."

"A ofishin fasfo ake sayar da maraƙin?"

"Layi na gani, na ɗauka na maraƙi ne. Kai kuma me ya kawo ka?"

"Tode na rako," in ji Spase, ko kunya babu. "Ka san shi dama ba ya da aƙida."

Ban kai ga kare kaina ba sai muka ji tari a gabanmu, tarin da duk wanda ya yi makaranta a Prilep ya sani. Can wajen kantin magani wani ya buɗe jarida ya rufe fuska, amma jaridar a juye take. Metodiya ya taka ya sauke ta da yatsa ɗaya. Malam Blagoya ne, da nakatayal da komai.

"'Yan'uwa," ya ce, yana gyara tabarau, "ni bincike na zo yi. Tarihi na buƙatar wanda ya gani da idonsa yadda ake wulaƙanta al'umma."

"Ƙarya yake," in ji uwargidansa da ke tsaye a gefe riƙe da jaka. "Bakin teku za mu in zafi ya shigo, likita ya ce gwiwata na son ruwan gishiri. Na gaya masa ko ya yi fasfo ko ya koyi dafa wake."

"Wane tekun?" in ji Spase.

Malam ya dubi sama, ya dubi takalmansa. Matar ce ta amsa. "Na Girka mana. Akwai wani kusa da mu ne?"

Dariyar da Metodiya ya yi sai da ƙanƙara ta zubo daga bishiya. Spase ma ya yi har ya dafa kafaɗata. Amma da ya share hawaye ya ce, "Kai kuma mai maraƙi, faɗi gaskiya," sai dariyar mahaucin ta ɗauke. Ya ce shagon ba ya tafiya. Rabin masu sayen namansa suna ƙasashen waje, sauran rabin kuma sun koma cin kabeji. Ɗansa ya samo masa aiki a wata mayanka a Italiya, zai je ya yi ko na 'yan watanni ne, shi da ya yi shekara arba'in yana yanka a shagon da sunan ubansa ke rubuce a kai. Ba wanda ya tsokane shi. Spase ya ciro waya ya nuna musu hoton jaririn, ja wur kamar tattasai, ya dunƙule hannu. Malam Blagoya ya ce goshin na masu taurin kai ne. Daga nan ba wanda ya sake ambatar kujerar Risto.

Rana ta yi tsaka muna dab da matakala sai ga baƙar mota mai baƙin gilashi ta tsaya a gefen ginin. Wa zai fito in ba Mai girma Sai-Dai-A-Kashe-Ni ba. Wani babba ne na yankinmu, mun raɗa masa sunan ne tun ranar da ya tsaya a dandali ya ɓalle maɓallan rigarsa, ya nuna mana ƙirji ya ce ga shi nan a harba, amma kalmar nan ba za ta fito daga bakinsa ba. Spase ya yi masa tafi a ranar har tafin hannunsa ya kumbura. Yau ga shi da uwargida da 'ya'ya da wani da nake zaton ƙanen uwargidan ne, suka shige ta wata ƙaramar ƙofar gefe da mu ba mu ma lura da ita ba. Tsohuwa mai safa ba ta gama layi biyu na saƙa ba suka fito, kowa yana cusa wani abu a aljihun ƙirji.

Spase ya bar layi ya tare gaban motar.

"Ranka ya daɗe, ka gane ni? Ni ne na ɗauke ka a kafaɗa ranar dandali."

"Ah, jarumi! Irinku ne ƙashin bayan ƙasar nan."

"Me ke aljihunka?"

Mai girma ya dafa ƙirji, daidai inda ya ce a harba. "Ɗan'uwa, ka fahimta. Hannuna ne ya karɓa, zuciyata ba ta karɓa ba. Kuma yaƙin sunan nan a waje ake yin sa. Ta yaya zan je in gaya musu ba mu yarda ba in ba ni da takardar fita?"

"A ina za a yi yaƙin?"

"Za mu fara da wani taro a kan duwatsun Austriya," in ji ƙanen uwargida. A kan motar kuwa ga katakan zamiyar ƙanƙara a ɗaure, masu tsada, da alama su ne makaman.

Ni dai na cire hula. Irin wannan sadaukarwa ba kullum ake ganinta ba, mutum ya ɗauki iyalinsa kaf ya kai su fagen fama.

Da la'asar muka isa gaban tagar. Wata mata ce a ciki, idanunta sun yi ja, gahawarta ta daskare a kofi. Spase ya cire hula, abin da ban taɓa ganin ya yi wa hukuma ba, ya yi mata bayani da muryar da shi a ganinsa raɗa ce.

"Baba," ta ce, "hoto zan iya ɗaukarka yau. Littafin fasfon ne babu. Sun ƙare, muna jiran a kawo."

"Yaushe?"

"An ce mana nan ba da jimawa ba. Tun kafin Kirsimeti ake ce mana haka."

"Waɗanda suka shiga ta ƙofar gefe fa? Su a ina aka samo nasu?"

Ta dubi silin, ta dawo da ido kansa. "Ni ƙofar gaba aka ba ni, Baba."

Ya tura mata wayar ta ƙarƙashin gilashi. Ta daɗe tana kallon jaririn. Ta ce Allah ya raya, ta ce da akwai ko ɗaya a aljihun teburinta da ta ba shi, ita ma mahaifiyarta na jira. Na yarda da ita. Ta zaunar da shi gaban na'ura ta ce, "Kada ka yi murmushi."

"Wa ya ce miki zan yi?" in ji Spase.

A hanyar dawowa Metodiya na kujerar baya. Sai da fitilun gari suka bayyana Spase ya ce, "Matakalar ofishin nan, Tode, ka lura da ita? Dutsenmu ne. Na san jijiyarsa. Wataƙila ni na fasa shi." Na ƙara wa hitar motar wuta, ita kuma ta ƙi.

Ranar Juma'a muka kai Velika tashar bas da kwalaben ajvar, miyar tattasai ta gida, da aka naɗe cikin tawul, da 'yan safunan da ta saƙa. Spase ya damƙa mata wani ɗan gicciye da ya kwana biyu yana gogewa daga ɓallin farin dutse, ya ce ta rataya a gadon yaron. Ta gyara masa wuyan riga ta ce akwai wake a tukunya, kada ya ƙona gidan. Ya tsaya har bas ɗin ta sha kwana.

Jiya Lahadi kuwa gidan gahawar Risto ya cika. Aka jingina waya da gwangwanin sukari a teburinmu, muka yi cincirindo muna kallon wata 'yar majami'a a Jamus, hoto na tsayawa yana tafiya. Ga Velika da sabon ɗankwali, ga Bilyana, ga jaririn yana tsala ihu tun kafin ruwa ya taɓa shi. Fada ya tambayi uban baftisma sunan yaro. Mutumin ya faɗa, duk muka ji, ban da mutum ɗaya.

"Me ya ce?" in ji Spase, yana karkato kunnensa mai aiki.

"Spase!" gidan gahawa duka ya amsa, har da Risto daga bayan kanta.

Tsohon ya zauna daɓas. Ya ce murhun nan hayaƙi yake yi, Risto ya kamata ya gyara bututunsa. Murhun kuwa ko kunna shi ba a yi ba tukuna. Metodiya ya rungume shi, Malam Blagoya ya miƙe zai yi jawabi aka zaunar da shi, Risto ya zuba wa kowa barasar inabi ya ce yau ba ya karɓar ko sisi.

Bayan an fito daga majami'a Bilyana ta matso da fuskarta jikin wayar. "Baba, akwai abu ɗaya. Kada ka yi faɗa."

"Faɗi, 'yata."

"A majami'a da gida Spase ne. Amma a takardar Jamusawa mun rubuta Sebastiyan. Ka san in suka faɗi sunanka a bakinsu, kusan wasa yake nufi. Yara za su tsokane shi a makaranta."

Na matsar da kofina daga kusa da hannunsa, Risto ya kama kujerar da ke gefe don kada a sake hawa. Spase ya daɗe yana kallon ɗan jan abin nan da ke barci a kafaɗar kakarsa.

"Yana cin abinci sosai?" ya ce.

"Kamar kai."

"To su kira shi abin da suka ga dama. Ki gaya masa kakansa na nan tafe kafin bikin Ista, ko me suka rubuta a bangon littafin. Ko Makedoniya ta Ƙarƙashin Gado ce, zan riƙe."

Don haka ga roƙona ga masu girma, na ƙofar gaba da na ƙofar gefe, waɗanda suka canza sunan da waɗanda suka rantse za su mayar da na da. Na ji ƙishin-ƙishin cewa wasunku sun fara wasa maƙogwaro, zaɓe na matsowa, za a sake ɗauko maganar suna. Ba na hana ku, na san akwai sauran fenti a shago. Ku dai yi wa Allah ku jira Spase ya je ya dawo tukuna.